Kunun Rakiya da Sunan 'Yar Fari

Cikin shekarun da na yi ina sa kaki, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba a Kano ta same ni ba, a Alƙahira ne. Ku da kuka shigo sashen kula da ƙananan yara kwanan nan kuna yawan ƙorafi a bayan idona, wai Hajiya Talatu ba ta barin mutum ya rufe bayanin mace sai ya sake mata tambaya. Ina jinku sarai. To ga dalilin, ku gyara zama.

Lokacin ina da muƙamin ASP aka tura mu kwas na 'yan watanni a Masar, tare da jami'an wasu ƙasashen Afirka. Ni aka zaɓa daga sashenmu saboda ina da difloma a Larabci, na kuwa tafi ina taƙama da ita. Sai da na sauka na gane Larabcin littafi na ɗauko. In na buɗe baki a kasuwa sai masu tumatir su yi ta dariya, suna cewa ga mai karanta labarai a talabijin ta fito cefane. Bayan karatun aji aka rarraba mu ofisoshin 'yan sanda mu ga yadda suke aiki, ni na faɗa wanda ke kula da Ard al-Liwa. Unguwa ce mai cunkoso a ɓangaren Giza, gidaje sun hau kan juna, baƙi 'yan Afirka sun yi yawa a cikinta, har da Hausawanmu jefi-jefi.

Wanda aka damƙa ni a hannunsa sunansa Ra'id Magdi. 'Yan sandan Masar muƙaman soja suke amfani da su, ra'id shi ne manjo, amma a ofis kowa Basha yake ce masa. Mutum ne mai tumbi da gashin baki, ba ya rabo da kofin shayi, yana da barkwanci in ya ga dama. Ranar farko ya ba ni umarni uku: in kalla, in saurara, kada in sa baki. Ku da kuka san halina kun san na ukun nan ne mai wuya.

Sai na bayyana muku abu biyu kafin labarin ya zauna. Na farko, a dokar Masar ana sayar da giya, amma sai da lasisi, lasisin kuma na otal-otal ne da wasu shaguna sanannu. Wanda ya dafa tasa a gida ya sayar ya jawo wa kansa. Na biyu, dokarsu ta yara ba ta wasa. In aka samu yaro cikin irin wannan sana'a, ko aka same shi a hannun wanda ba mahaifinsa ba babu hujja, ana ɗaukarsa yaro ne da ke cikin haɗari. Sai a kira jami'ar jin daɗin jama'a, a rubuta mahdar, wato rahoton ofis, a miƙa wa masu gabatar da ƙara, shi kuma yaron a kai shi gidan kula da yara har a gama bincike. In aka rufe mahdar aka sa hannu, magana ta bar hannun Basha ke nan.

Wata Alhamis ce cikin watan Agusta, ana zafi kamar a bakin murhu, ga ɗauke wuta da ake yi a lokacin. Alhamis a can ita ce ranar tashi hutun mako, Juma'a da Asabar yawancin ofisoshi a rufe suke, don haka kowa hankalinsa ya yi gida. Bayan azahar sai ga wani ƙaramin jami'i ya shigo da mace sanye da mayafi, da yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, shi kuma yana rungume da kwandon kwalabe. Ya ce wani maƙwabci ne ya kawo ƙara, wai matar nan tana dafa giya a ɗakinta tana aiken yarinya da ita shagunan teloli. A kan hanya jami'in ya tare yarinyar da kwandon, ita ta kai shi wurin matar.

Kwalaben kam ba su taimaki kowa ba. Na barasa ne tsaf, kowace da tambarinta, cike da farin ruwa mai kauri. Jami'in ya buɗe ɗaya, murfin ya yi tsalle, kumfa ta biyo baya. Basha ya shinshina ya ce buza ce, wata giyar gargajiya da suke yi da hatsi. Ya dube ni yana murmushi, ya ce yau zan ga aiki biyu a faifai ɗaya. Na ce a raina, abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

Sai na ji matar tana magana ƙasa-ƙasa: "Innalillahi, ni Rakiya yau na ga ta kaina." Hausar Katsina ce tsantsa. Na matsa kusa da kwalbar, ƙamshin citta da kanumfari ya doki hancina. Kunun zaƙi ne, jama'a, kunun zaƙin da zafi ya taɓa. Nan take umarni na uku ya bi ruwa, na yi mata magana da Hausa.

Basha bai yi fushi ba, don dama ba su da tafinta, Rakiya kuma Larabcinta bai wuce na sayen burodi ba. Ya ce in fassara, amma abin da aka faɗa kawai, ba ƙari ba ragi. Ta ba da labarinta. Mijinta ɗalibi ne, ya tafi gida duba mahaifinsa da ba shi da lafiya. Fasfo ɗinsu suna ofishin sabunta izinin zama, takardar haihuwar yarinyar kuma tana cikin jakar da ya tafi da ita. Kunu take yi tana sayar wa teloli da ɗalibai masu kewar gida. Kwalaben kuwa a wurin masu bikya ta saye su, mutanen da ke zagaya unguwa da amalanke suna sayen tsofaffin kaya. Ba ta karanta boko ba, ita dai ta ga kwalba ce mai kauri da ke riƙe sanyi, roba kuwa tana sa wa kunu wari. Ranar aka ɗauke wuta tun safe, firji ya mutu, kunu ya fara tsami.

Na sa aka kawo kofi, na tsiyaya, na yi bisimilla na shanye a gabansu. Basha ya zuba mini ido na ɗan lokaci yana jira ya ga ko zan fara tangaɗi. Da ya ga ina nan daram sai ya ɗanɗana shi ma, ya yamutsa fuska ya ce laifin abin nan ɗaya ne, ba sukari. Mutanen Masar ke nan, su da sukari sai Allah. Ofis ya ɗauki dariya. Ya ce za a aika kwalba ɗaya ɗakin gwaji don cika ƙa'ida, amma shi maganar giya ta fita daga ransa. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har ina tunanin yadda zan ba da labarin a aji.

Ashe allura ce za ta tono garma. Yana shirin sallamarsu, magatakarda na rubutu, sai ya yi tambayar da ake yi don cike gurbi: yarinyar nan 'yarta ce? Na fassara. Rakiya ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"'Yar mutane ce," in ji ta.

Na san abin da take nufi, na kuma san abin da za su ji. Na fassara kamar yadda aka umarce ni, na buɗe baki zan ƙara bayani, Basha ya ɗaga mini hannu. Ya tambayi sunan yarinyar. Rakiya ta ce a tambaye ta mana, ai tana da baki. Sai ya juya ga yarinyar, wadda Larabcin Masar ya zauna a bakinta fiye da nawa nesa ba kusa ba, don a makarantarsu take. Ta ce sunanta Safiya. Ya nuna Rakiya ya ce wace ce wannan, ta ce Yaya ce. Ya ce ina mamanta, ta ce tana Nijeriya. Kakarta ta wajen uba take nufi, wadda ta yaye ta ta riƙe ta kafin a kawo ta Masar. Magatakarda ya rubuta duka, dariya kuma ta ƙare a ofishin.

Na roƙi izini na yi bayani iyakar Larabcina. Na ce a wurinmu, musamman mutanen karkara, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, ba ta wasa da shi. Kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar gidan tarbiyya. Shi ma ɗan farin yakan tashi yana ce wa uwarsa Yaya, kakarsa kuma ita ce Inna. Basha ya saurare ni har na gama, sannan ya ajiye kofinsa.

"Ya Madam Talatu, uwata a unguwarmu ba wanda ya san sunanta na yanka. Ummu Magdi ake ce mata, tun ranar da ta haife ni. A nan mace da sunan ɗan farinta take ado. Yanzu kina so in rubuta cewa akwai uwar da ba ta iya faɗin sunan 'yarta?"

Ya ce ya sha ganin yaran da ake kawowa daga ƙasashe a sa su aikatau, in an kama a ce 'ya'ya ne. Ga mace ta ce yarinya ba tata ba ce, ga yarinya ta ce uwarta na wata ƙasa, ga ba takarda. Ya tambaye ni, in ni ce a kujerarsa a Kano, me zan yi? Na san abin da zan yi, kuma shi ne abin da ya yi. Ya ɗaga waya ya kira jami'ar jin daɗin jama'a.

Kafin ta iso labari ya zaga unguwa, sai ga Malam Isa, dattijon Hausawan wurin, aminin mahaifin mijin Rakiya, ya shigo da babbar riga yana haki. Ya yi shaida da Larabci mai kyau cewa a gabansa aka raɗa wa yarinyar suna. Basha ya karɓi shaidarsa, ya kuma yi sassaucin da ban zata ba. Ya ce matsalar ita ce maganar matar tana rubuce. In ta gyara da bakinta, ta faɗi sunan yarinyar, ta ce ita ta haife ta, zai ba da yarinyar a hannun Malam Isa har miji ya dawo da takarda. In ba ta faɗa ba, zai rufe mahdar yadda yake, Safiya ta kwana gidan kula da yara, kuma ba mai sake duba maganar sai Lahadi, daga nan kuma sai yadda masu gabatar da ƙara suka ga dama.

Na ɗauka an gama. Sai Malam Isa, Allah ya jiƙansa, ya ga ya kamata ya taimaka. Ya juya yana gaya wa Basha irin tarbiyyar gidan su Rakiya, wai ko uwarta har ta rasu ba a taɓa jin ta kama sunan ɗan fari ba, ya kuma maimaita da Hausa don Rakiya ta ji yabon da ake mata. Ina kallonta tana ƙara shigewa cikin mayafi. Na ce, "Baba Malam, lokacin la'asar ya kusa, ga masallaci can a tsallake, a sa mu a addu'a." Ladan ko gyaran murya bai yi ba, amma dattijon ya gane, ya ɗauki carbinsa ya fita.

Jami'ar ta iso, Ustaza Nagwa, mace mai sanyin hali da ƙatuwar jaka. Ta zauna kusa da Safiya ta ba ta biskit. Ni kuma na ja kujera gaban Rakiya na gaya mata komai dalla-dalla, ban ɓoye mata ko ɗaya ba. Hawaye suka zubo mata.

"Hajiya, ta fari ce fa. Kuma sunan uwar mijina gare ta. Tun da na haife ta bakina bai taɓa kamawa ba. Ke ki faɗa musu mana, ai kin sani."

Na ce nawa faɗin ba ya shiga takarda, ni baƙuwa ce a nan kamar ita. Na lallashe ta, na kawo mata misalai, na ce lalura ce, ko malamai sun ce lalura tana halatta abin da aka hana, balle wannan da ba haramun ba. Ta ce to. Ta buɗe baki, ta sake rufewa. Sai raina ya ɓaci, na ce mata bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, nan ba tsakar gidan surukanta ba ne, za a tafi da yarinyar nan tana ji tana gani.

Fushin nan ba na Rakiya kaɗai ba ne. Ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata har ta koma ga Allah "ke" take ce mini, in tana ba da labarina kuma ta ce "waccan". Na san tana sona, don tsokar da ta fi kowace girma a miya ta hannun ƙanwata take aiko mini da ita, wai in ji kaka. Amma na girma ina son in ji yadda sunana zai fito daga bakinta, ban kuwa taɓa ji ba. Ina duban Safiya tana cin biskit a hankali, idonta a ƙasa, na san abin da ke cikinta.

Basha ya dubi agogo ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya yi wa Ustaza Nagwa alama. Ta miƙe ta kama hannun yarinyar, ta ce mata za su je wani gida mai lilo da yara da yawa. Safiya ba ta yi kuka ba, ba ta ruga ta riƙe uwarta ba, ita ma da irin tarbiyyar aka tashe ta. Ta sa takalmanta, ta ɗan tsaya a gefen Rakiya ba tare da ta dube ta ba.

"Yaya, geron gobe yana jiƙe a bokiti, kada ki manta ya yi tsami."

Suka nufi ƙofa. Magatakarda ya juya takardar ya miƙa wa Basha biro. Sai na ji wata murya siririya a gefena, kamar ba ta mai ita ba.

"Safiya."

Yarinyar ta tsaya, ta waiwayo, ni ta duba. Ta ɗauka ni na kira ta. Na girgiza mata kai. Ta dubi Ustaza Nagwa, ta dubi Basha, sai daga ƙarshe ta dubi inda ba ta taɓa tsammani ba. Rakiya ta juya fuskarta ga bango, mayafi ya rufe ta ruf, amma wannan karon kowa ya ji.

"Safiya sunanta. 'Yata ce. Ni na haife ta, ranar wata Laraba da damina, a ɗakin innata."

Na fassara, Larabcin littafin nan nawa ya fito tiryan-tiryan ba wanda ya yi dariya. Basha ya sa aka rubuta gyaran, ya zaro hankici ya fyace hanci, ya ɗora wa fanka laifi wai tana watsa ƙura, alhali wuta ba ta dawo ba. Ustaza Nagwa ta saki hannun yarinyar. Aka kira Malam Isa ya sa hannu, aka gargaɗi Rakiya ta rabu da kwalaben nan, ta kuma daina aiken yarinya ita kaɗai cikin motoci. Da za su fita Basha ya miƙe tsaye ya ce, "Ma'assalama, ya Ummu Safiya." Shi girmamawa ya yi iyakar girmamawa. Ita kuwa da na fassara mata kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Na raka su bakin titi. Safiya tana ta satar kallon uwarta, can ta kasa haƙuri ta ce, "Yaya, ashe kin iya faɗa?" Rakiya ta ce, "Ke, wuce mu tafi." An koma gidan jiya ke nan. Amma na lura ta kama hannun yarinyar da za su tsallaka, kuma har suka sha kwana ba ta saki ba.

Sakamakon gwaji ya fito daga baya, kunu ne. Mijin ya dawo ya kawo takarda aka rufe magana. Rakiya ta koma zuba kununta a robar ruwa, tana mita wai ɗanɗanon ya ragu.

Abin da na ɗauko daga ranar nan shi nake so ku riƙe. Basha bai yi kuskure ba, doka ma ba ta yi ba, an kafa ta ne don yaran da ba su da mai tsaya musu, kuma suna da yawa. Amma takarda abin da baki ya faɗa kawai take ɗauka, mutanenmu kuwa abin da ya fi girma a ransu shi ne suka fi ɓoyewa. Da kunu da giya hanci yana rabewa, uwa da mai riƙo sai an yi haƙuri. In mace ta ce muku 'yar mutane ce, kada ku yi saurin rufe bayani. Ku fitar da surukai da dattawa daga ɗakin, ku ba ta ruwa, ku lura da wanda take kallo ta wutsiyar ido, sannan ku sake tambaya.

A ranar nan, da na koma masauki kafin magariba, na kira gida. Babban ɗana ne ya ɗauka, lokacin yana jami'a, wanda tun haihuwarsa "kai" nake ce masa, in na matsu in ce "yaron nan". Na yi gyaran murya na ce, "Abdullahi, kana lafiya?"

Can ya ce, "Mama, sake faɗa, layin bai fita sosai ba."

Layin kuwa garau yake.